Wasan gefe: gefen me, kuma a idon wa?

Akwai wata kalma ta Ingilishi da masu sharhin siyasa na Amurka da Ingila suke yawan kai hannu gare ta, ita ce sideshow, ana furta ta kamar saidisho. In ana shari'ar wani babba alhali farashin abinci yana hawa, sai wani ya rubuta cewa shari'ar saidisho ce. In yaƙi ya ɓarke a wurare biyu, sai a ce ɗaya shi ne yaƙin, ɗayan kuwa saidisho ne. Mai fassara in ya ci karo da ita, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ce "ƙaramin al'amari", ko "abin da bai taka kara ya karya ba", ya wuce. A ganina wannan fassara tana zubar da tsabar ta riƙe dusar. Kalmar tana da asali, tana da kasuwar da aka haife ta a ciki, kuma wanda ya san wannan kasuwa ba zai ƙara jin ta a bakin mai mulki ba tare da ya ɗaga kunne ba. Ni a nan zan kira ta wasan gefe, don haka take nufi baƙi da baƙi.

Sai mu fara da babban wasan da take gefensa. Abin da Faransawa ke kira sirki, wato wasan dawaki da alkafura da tafiya bisa igiya da namun daji a cikin da'ira, wani tsohon sojan doki na Ingila mai suna Philip Astley ne ya kafa shi a Landan a 1768. Faɗin da'irar da aka saba da shi, wajen mita 13, tun daga zamaninsa ya samo asali. Amurkawa suka ɗauki wasan suka sa shi cikin tanti, don ƙasarsu faɗi gare ta, garuruwa sun yi nisa da juna, dole wasa ya je wajen mutane. Daga 1872 babban sirkin Barnum ya koma yawo cikin jirgin ƙasa, ya sauka gari da asuba, ya kafa tanti, ya yi wasa sau biyu, da dare ya kwashe ya ƙara gaba.

To, tsakanin ƙofar filin da bakin babban tanti akwai ƴar tafiya, kuma ba da gangan ba ne aka bar ta fayau. A gefen wannan hanya ake kafa wani ƙaramin tanti, a jera masa manyan ƙyallaye masu zane-zane: ga mace mai gemu, ga wada, ga dogon da ya fi kowa, ga mai haɗiye takobi, ga mai cin wuta, ga mai naɗe maciji a wuya. A bakin tantin akwai dandamali, bisa dandamalin akwai mai baki, irin masu tallar maganin gargajiya da muke gani ranar kasuwa, yana ɗanɗana wa jama'a kaɗan kyauta yana rantsuwa cewa abin da ke ciki ya ninka wannan. Ana buɗe shi tun kafin babban wasa ya fara, lokacin da mutane ke tsaye da kuɗi a aljihu ba su da abin yi. Tikitinsa daban ne. In ka shiga ka ga abubuwa goma da kuɗi ɗaya, don haka ma masu sana'ar ke kiransa goma-cikin-ɗaya, sai kuma a nuna maka wani labule a can ƙurya, a ce abin da ke bayansa ba na yara ba ne, sai ka ƙara biya. Wannan tanti shi ne wasan gefe, kuma tun tsakiyar ƙarni na 19 kalmar ta shiga rubutun Ingilishi. Faransawa suna da nasu sunan da ya fi faɗin gaskiya, entre-sort, wato shiga-ka-fita: babu kujera, babu zama, ka kalla ka ba wani wuri.

Mai karatu da ya taɓa zuwa gasar kokowa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, zai ce ai mu ma mun san wannan. Ga ƴan kokowa a tsakiyar fili, ga cali-cali yana kwaikwayonsu yana ba mutane dariya, ga masu tsire da masu goro a waje. Haka nan gardi da kurarsa ko mai wasa da biri a bakin kasuwa. Akwai kama, amma kamar ba ta da zurfi. Cali-cali gwanintarsa yake nunawa, gardi ƙarfin halinsa da asirinsa yake sayarwa. Babbar hajar wasan gefe na Amurka kuwa jikin ɗan Adam ce, yadda aka halicce shi, tare da ƙaryar da aka lulluɓa masa.

Ƴan kasuwa za su fi kowa saurin gane abu na farko da kalmar ke ɓoyewa. Babban tanti yana cin kuɗi: giwaye na son ciyawa, dawaki na son hatsi, ma'aikata ɗaruruwa na jiran albashi, kuma sau biyu kawai ake cika shi a yini. Ƙaramin tanti ba ya ciyar da giwa. Mutum goma ne bisa katako, ƙofa a buɗe tun hantsi har dare, wasu na fita wasu na shiga. Saboda haka "gefe" wurin da aka kafa tantin ne a ƙasa, a littafin ciniki kuwa yana nan tsakiyar shafi. Shi kansa Phineas Barnum, wanda sunansa ya zama kamar tambarin sirki a duniya, sai da ya kai shekara 60 kafin ya kafa babban sirkin da ya yi suna da shi. Dukiyarsa ta fari a irin wannan nuni ya tara ta.

Kuma ga yadda ya fara. A 1835 ya biya dalar Amurka 1,000, ba dalarmu ta tamma biyar ba, ya karɓi izinin yawo da wata tsohuwar baiwa baƙar fata, makauniya, wadda jikinta ya shanye, sunanta Joice Heth. Ya yi ta shela cewa shekarunta 161, kuma ita ta yi renon Joj Washinton, shugaban Amurka na farko. Mutane suka yi ta tururuwa suna taɓa hannunta. Da ta rasu a Fabrairun 1836 bai bar gawar ta huta ba, sai ya shirya a feɗe ta a gaban jama'a a Niyok, kowa ya biya rabin dalar Amurka, mutum wajen 1,500 suka shiga. Likitan da ya yi aikin ya ce matar ba ta wuce shekara 80 ba. Ƙarya ta tonu, amma kuɗi sun riga sun shiga aljihu, hayaniyar tonon ma ta zama wata tallar.

Ba shi ke nan ba. A 1860, watanni kaɗan bayan fitowar littafin Darwin kan asalin halittu, Barnum ya fito da wani baƙar fata mai ƙaramin kai, ya sa masa rigar gashi, ya ce wata halitta ce tsakanin mutum da biri da aka kamo a dajin Afirka. Sunan mutumin William Henry Johnson, kuma a jihar Niyu Jasi aka haife shi, kusa da inda ake kallonsa. Ya yi fiye da shekara 60 a wannan aiki har mutuwarsa a 1926. Akwai George da Willie Muse, wa da ƙane, zabiyoyi ƴaƴan baƙaƙen manoma na jihar Bajiniya, waɗanda aka yi shekaru ana yawo da su a matsayin jakadu daga duniyar Mas, ba a biyansu, an kuma gaya musu uwarsu ta mutu. A 1927 sirkin ya sauka garin Roanoke, uwar ta kutsa cikin tanti ta gane ƴaƴanta, ta kai ƙara, daga nan aka fara ba su haƙƙinsu. A 1930 kuma sirkin Ringling ya kawo matan Sara daga kudancin Cadi, masu sa faifan katako a leɓe, ya laƙaba musu sunan Ubangi, sunan da mai tallar kamfanin ya tsinto a taswira don ya ji yana da daɗin faɗi. Duk wanda ya lura zai ga dabarar ɗaya ce: a raba mutum da sunansa da garinsu, a ba shi wani labari da zai sa mai kallo ya ji shi ne cikakken mutum.

Gaskiya ta tilasta a faɗi ɗaya ɓangaren. Ba duk waɗanda suka hau wannan katako aka zalunta ba. Charles Stratton, wadan da Barnum ya ɗauka tun yana ɗan shekara huɗu, ya je har gaban Sarauniya Biktoriya a 1844, ya yi arziki, ya kuma taimaki maigidan nasa lokacin da ya karye. Chang da Eng, tagwayen ƙasar Siyam da aka haifa manne da juna, sun ƙwace ragamar nuninsu daga hannun iyayen gidansu, suka sayi gona a jihar Karolina ta Arewa, abin mamaki har da bayi. A 1972 kotun ƙoli ta jihar Fulorida ta soke wata doka da ta hana nuna masu naƙasa don kuɗi, kuma cikin waɗanda suka kai ƙarar akwai masu naƙasar da kansu, suna cewa an toshe musu hanyar abinci ba a buɗe musu wata ba. Hujjarsu tana da nauyi, ba na raina ta. Amma tana nuna ƙuncin zaɓin da aka bar musu ne, ba ta wanke mai tanti. Wanda aka rufe wa ƙofa tara ya shiga ta goma, ba za a ce ya zaɓa ba.

Sana'ar ta mutu a hankali. Silima da talabijin sun kawo abin mamaki har cikin gari ba sai an jira jirgin ƙasa ba, likitoci sun ba kowace halitta sunan cutarta har kallon ya koma abin kunya, a 1956 kuma Ringling ya naɗe babban tantinsa ya koma wasa cikin gine-gine. Kamfanin ya rufe a 2017, ya sake buɗewa a 2023 ba tare da dabbobi ba. Kalmar ce ta rayu, ta bar filin wasa ta shiga majalisa da ofishin hafsoshi, inda ta rabu gida biyu.

A gida na farko zargi ce. In ɗan jarida ya ce rigimar ministoci biyu wasan gefe ce, yana nufin an kafa ta ne don jama'a su juya wa kasafin kuɗi baya. Hausa ba ta rasa abin faɗi a nan ba: an bar jaki ana dukan taiki, ana ga yaƙi kana ga ƙura. Wannan amfani yana da kyau, sau da yawa ma gaskiya ne. Abin da kalmar Ingilishin ta ƙara a kan karin maganarmu shi ne batun mai shi. Taiki ba wanda ya ajiye shi da niyya, ƙura kuma iska ce ta tashe ta. Wasan gefe kuwa wani ne ya kafa shi, a kan hanyar da ya san dole ka bi, kuma galibi aljihun da ke karɓar kuɗin babban tanti shi ke karɓar na ƙaramin, ko kai tsaye ko ta hanyar haya. Don haka mai sharhin da ya ce abu kaza wasan gefe ne, bai gama aikinsa ba sai ya nuna mana mai sayar da tikitin. In bai iya ba, wataƙila abin ba shiri ba ne, wauta ce kawai, ita ma tana da yawa a siyasa.

A gida na biyu raini ce, kuma nan ne haɗarin yake. Ba a cewa an shirya abin don ɗauke hankali, cewa ake yi bai kai a ɗaga kai a dube shi ba. Mai faɗin haka yana magana kamar yana auna girman abu, alhali kuwa wurin zamansa yake gaya maka. Daga kujerar babban tanti ne ƙaramin yake gefe. Ga matar da ke tsaye bisa katako tun safe, nan ne tsakiyar duniya. Shi ya sa nake ganin bai kamata mai fassara ya ce "ƙaramin al'amari" ba, don in ya faɗi haka ya karɓi hukuncin mai maganar ya mayar da shi tamkar awo na sikeli. In ya ce "wasan gefe", ko da kunne bai saba ba, tambayar tana nan a raye, mai sauraro zai ce gefen me.

Misalin da ya fi shahara shi ne Kambodiya. A watan Maris na 1969 gwamnatin Nikson ta fara ruwan bama-bamai a kan wannan ƙasa a ɓoye, ba da sanin majalisar dokokin Amurka ba, har ana sauya takardun rahoton jirage don a nuna a Biyetnam aka jefa su. Hujjar ita ce mayaƙan Biyetnam ta Arewa suna fakewa a can. A idon Washinton yaƙin na Biyetnam ne, Kambodiya gefen hanya ce kawai. Kafin a tsaya a watan Agusta na 1973 an sauke mata bama-bamai wajen tan 500,000. A 17 ga Afrilu 1975 ƴan Kemer Ruj na Pol Pot suka shiga babban birnin, cikin ƙasa da shekara huɗu mutum tsakanin miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu suka hallaka. Masana tarihi suna jayayya har gobe kan ko bama-baman ne suka share wa Pol Pot hanya ko sun jinkirta shi ne, kuma kisan kansa alhakinsa na wuyan waɗanda suka yi shi. Amma ɗan jaridar Ingila William Shawcross, da ya rubuta littafi kan Nikson da Kisinja da rushewar Kambodiya a 1979, wannan kalma guda ya sa masa a matsayin suna, ya juya ta ta koma tuhuma a kan masu faɗinta.

Misalin da ya fi kusa da mu ya girmi wannan. A yaƙin duniya na farko manyan hafsoshin Ingila sun kasu biyu. Masu rinjaye suna ganin a ramukan Faransa da Beljiyam za a ci yaƙi ko a faɗi, duk wani fage kuwa, Dardanel ne, Iraƙi ne, Falasɗinu ne, Afirka ce, wasannin gefe suke kiransa, masu cinye sojoji da harsashi a banza. Ta fuskar dabarar yaƙi wataƙila suna da gaskiya, don a Faransa aka karya Jamus. To amma su wa ke cikin ƙananan tantunan? Harsashin farko da sojan Ingila ya harba a wannan yaƙi gaba ɗaya, a Togo aka harba shi cikin Agustan 1914, kuma wanda ake danganta shi da shi sojan rundunar Gwalkwas ne mai suna Alhaji Grunshi. A Kamaru an yi shekara ɗaya da rabi ana gwabzawa. Garwa ta faɗi a Yunin 1915, dutsen Mora kuwa, wanda aka kewaye tun farkon yaƙin, sai Fabrairun 1916 ya miƙa wuya. Sojojin da suka hau waɗannan duwatsu daga Najeriya da Cadi aka kwaso su, na Najeriyar da Hausa ake ba su umarni. Daga nan aka ɗebi wasunsu cikin jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas, inda kwamandan Jamus Lettow-Vorbeck bai ajiye makami ba sai 25 ga Nuwamba 1918, mako biyu bayan an daina harbi a Turai. A wannan fage hanyar mota kaɗan ce, ƙudan tsando kuma yana kashe dabbobi, saboda haka a kan mutane aka ɗora yaƙin. A ɓangaren Ingila kaɗai ƴan dako aƙalla 95,000 suka mutu, yawancinsu da yunwa da zawo da zazzaɓi.

Ko a nan gida yaƙin ya taɓa mu. Daga Disamban 1916 Kawusan, da goyon bayan Sarkin Abzin Tegama da makaman da ya zo da su daga Libiya, ya tsare sojojin Faransa cikin barikinsu na Agadas, sai a farkon Maris 1917 rundunar da ta taso daga Damagaram ta kwance tsarewar. Abin da ya biyo baya, kashe malamai a Agadas da Ingal, ƙwace raƙuma, watsewar mutanen Abzin zuwa kudu, ya girgiza fataucin ayari na tsawon shekaru. A manyan littattafan tarihin yaƙin duniya na farko da wuya wannan ya samu layi biyu. Ga wanda kakansa ya gudo Damargu da ƙafa a wannan shekara, shi ne yaƙin.

Wani zai ce ai magana ce kawai, ko an kira shi wasan gefe ko ba a kira ba, wanda ya mutu ya mutu. Sai dai matsayin da aka ba fage yana bin gawa har kabari. Tun ana cikin yaƙin Ingila ta kafa hukumar kula da kaburburan sojojin daularta, bisa ƙa'idar cewa kowane mamaci, janar ne ko kurtu, za a rubuta sunansa a dutse iri ɗaya. A Faransa da Beljiyam an cika wannan alkawari, maƙabartun suna nan ana share su har yau. A Afirka jami'an mulkin mallaka suka ga ba sai an wahala ba, suka bar kaburbura da dama daji ya cinye, suka wadatu da gumakan tunawa marasa sunaye a Nairobi da Mombasa da Darussalam. A watan Afrilu na 2021 wani kwamiti da hukumar da kanta ta naɗa ya ba da rahoto cewa mutum aƙalla 116,000, mai yiwuwa har 350,000, galibinsu ƴan Afirka, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, ko ma ba a tuna da su sam, kuma ya ambaci wariyar launin fata a cikin dalilan. Ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Tun daga nan ake tonon tsofaffin rajistoci ana neman sunaye. A Janairun 2025 aka buɗe wurin tunawa na farko na wannan aiki a birnin Kef na Afirka ta Kudu, an kafa sanduna na katako, kowace da sunan lebura ɗaya da ranar mutuwarsa, su 1,700 da ƴan kai.